Ba Kowane Ciwon Dubura Ne Basir Ba: Fashin Baƙi Ga Masu Gyambon Babban Hanji

A Gombe, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, duk abin da ya sami dubura sunansa ɗaya. In jini ne a ce basir mai jini, in tsiro ne a ce basir mai tsiro, in ƙaiƙayi ne ko raɗaɗi ko yoyon mugunya, duk basir ne. Mai lasifika a bakin tasha ma da wannan sunan yake tallar garinsa. Ga mai lafiyayyen hanji, wannan kuɗin goron sau da yawa ɓata lokaci kawai yake jawowa. Amma ga wanda yake fama da gyambon babban hanji, cutar da likitoci ke kira alsaretif kolaitis, sunan yana iya jawo masa asarar da ba ta gyaruwa, domin a ƙarƙashinsa akwai aƙalla cututtuka biyar, kowace da nata magani, kuma maganin wata, ga wata guba ne.

Ita kolaitis ɗin kumburi ce mai naci da ke cin fatar cikin babban hanji. Garkuwar jiki ce ke juyowa tana yaƙar hanjin mai ita. Tana farawa daga ƙarshen hanji, dab da dubura, ta yi sama ba tare da tsallake wuri ba. Mai ita yana zawo da jini da majina, bayan gida ya matso shi babu jinkiri, ya tsuguna ya tashi yana jin bai gama ba. Takan lafa wata da watanni, sannan ta dawo. Wani likitan Ingila, Samuel Wilks, ya bayyana ta a 1859. Tana da 'yar'uwa, cutar Crohn, wadda Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana a birnin New York a 1932. Bambancinsu shi ne ginshiƙin wannan magana gaba ɗaya: kolaitis a fatar sama take tsayawa, ita kuwa Crohn tana huda bangon hanji har ta ɓulla waje, kuma tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura. Shi ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu masu Crohn kan gamu da ciwon gefen dubura mai tsanani, alhali a masu kolaitis 'yan kaɗan ne cikin ɗari.

Sai an san ginin wurin kafin a gane abin da ke lalacewa. Bututun dubura gajere ne, bai wuce santimita 4 ba. Zoben tsoka biyu ne ke kewaye da shi. Na ciki yana tsuke da kansa dare da rana, ko mutum yana barci. Na waje shi ne wanda mutum ke matsewa da gangan in bayan gida ya matso shi yana cikin sahu ko cikin mota. A tsakiyar bututun, kamar santimita 2 daga baki, akwai wani layi inda fatar hanji ta haɗu da fatar waje. Sama da layin ba a jin zafin yanka, ƙasa da shi kuwa ko ƙaramar tsaga sai ta hana mutum zama. A kan layin nan ne wasu 'yan ƙananan jakunkuna masu fitar da maiƙo suke buɗe baki, jikinsu kuma yana kwance tsakanin zobban biyu. Daga cikinsu mafi yawan maruru ke tasowa.

Waɗannan zobban su ne jarin mai kolaitis. Mai taurin bayan gida zai iya rasa wani ɓangare na tsokar ya ci gaba da riƙewa. Wanda bayan gidansa ruwa ne, sau takwas ko goma a rana, ba shi da wannan rarar. Tsokar da aka yanke ba ta komawa yadda take.

Saɓar fata, tsaga da basir na gaskiya

Abin da ya fi yawa kuma ya fi sauƙin gyara shi ne saɓar fata. Zawo yana ɗauke da ruwan narkar da abinci, in ya riƙa taɓa fata sau da yawa sai ta yi ɗanye, ta riƙa raɗaɗi da ƙaiƙayi, gumin watan Maris da Afrilu ya ƙara mata. Tsarki da ruwa da muke yi ya fi goge-goge da takarda nesa ba kusa ba, amma kuskuren da ake yi shi ne tashi da jiƙa, ko sa sabulu mai ƙamshi, ko Dettol, ko kanwa. Ruwa zalla ya isa. A ɗan danna wurin da ƙyalle mai laushi har ya bushe, ba gurzawa ba, sannan a shafa man zinki ko Vaseline ya zama katanga tsakanin fata da zawo na gaba. Man basir mai sinadarin siteroyid da ake saya a kemis kada ya wuce mako guda, domin yana sirantar da fata ya buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa.

Tsaga kuwa ana gane ta da irin zafinta: kamar an ja reza lokacin fitar bayan gida, sannan raɗaɗi ya biyo baya na minti talatin ko awa biyu, da ɗan jini ja a buta ko a hannu. Mutane sun ɗauka taurin bayan gida kaɗai ke kawo ta, alhali yawan zawo ma yana kawowa. Abin da ke hana ta warkewa shi ne zoben ciki yana ƙanƙamewa saboda zafi, ƙanƙamewar ta rage jinin da ke zuwa wurin, rashin jinin ya hana miki haɗewa. Maganin shi ne a sassauta zoben. Ana shafa man nitirogiliserin mai ƙarfin kashi 0.2 zuwa 0.4 cikin ɗari, ko man diltiyazem mai kashi 2 cikin ɗari, gwargwadon ƙwayar wake, sau biyu a rana, mako 6 zuwa 8. Yawancin masu cewa bai yi musu aiki ba a mako na biyu suka daina, da zafin ya sauka. Man nitirogiliserin ɗin yana sa ciwon kai, kuma haɗa shi da ƙwayar ƙarfin maza irin su sildenafil yana iya faɗar da hawan jini har mutum ya suma. Wannan gargaɗi ne da ya kamata a riƙa faɗa a fili, tunda an riga an cusa wa maza cewa basir ne ke rage musu kuzari, da yawa suna shan magungunan biyu tare ba su gaya wa likita ba. Zama cikin ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, yana sassauta tsokar. Ɗumin da gwiwar hannu za ta jure ake nufi, ba irin ruwan wankan jego ba.

Wurin da tsagar take yana magana. Tsaga ta yau da kullum kusan tara cikin goma a tsakiyar baya take, ɓangaren ƙashin gindi. In aka gan ta a gefe, ko guda biyu ko uku, ko mai faɗi da zurfi amma ba ta da zafi sosai, to likita ya tsaya ya yi tunanin Crohn, ko tarin fuka, ko cutar ƙanjamau, ko tunjere, ko daji. Akwai ƙaramar tiyata da ake yanka ɗan gefen zoben ciki don tsaga ta warke, kuma tana aiki sosai ga sauran mutane. Ga mai kolaitis ita ce zaɓi na ƙarshe, bayan hanjin ya lafa kuma an tabbatar ba Crohn ba ce.

Basir na gaskiya jijiyoyin jini ne da suka kumbura suka zazzago, yawan tsuguno da nishi ke jawo shi. Jininsa ja ne wur, yana ɗiga bayan an gama, ba ya cakuɗe da bayan gida. Jinin kolaitis kuwa a gauraye yake da majina da zawo. Mai kolaitis da ya ga jini ya ce basir ne ya tashi, sau da yawa hanjin ne ya tashi, ya yi wata biyu yana shan jiƙe-jiƙe jininsa yana ƙarewa. Wasu jiƙe-jiƙen ma masu sa gudawa ne, da sunan wanke ciki, wato an ƙara wa wuta fetur. In basir ɗin ne da gaske, a rage zaman masai zuwa abin da bai wuce minti biyar ba, a daina nishi, a kwantar da kumburin hanji, yawanci sai ya koma da kansa. Ɗaure shi da roba ko yanke shi sai lokacin da cutar ta lafa. Wani rahoto daga asibitin St Mark's na Landan a 1977 ya nuna masu kolaitis ba su cika samun matsala bayan aikin basir ba, amma masu Crohn da dama mikinsu ya ƙi warkewa, har wasu aka cire musu ƙarshen hanji gaba ɗaya. Saboda haka tambayar farko kafin wuƙa ita ce: an tabbata wace cuta ce? Haka nan tsiron fata mai kauri da ke leƙowa a bakin dubura kamar kunne, wanda wanzami ke sha'awar gutsurewa, a bar shi. Alama ce ta Crohn a wurin mutane da yawa, kuma yanke shi kan bar gyambon da zai yi watanni.

Maruru: abin da ba ya jiran gobe

Idan bakin ɗaya daga cikin jakunkunan nan ya toshe, ƙwayoyin cutar bayan gida su taru a ciki, sai mugunya ta taru ta nemi hanya. Zafinsa daban yake da na tsaga. Ba ruwansa da lokacin bayan gida, bugawa yake yi dare da rana kamar zuciya, yana ƙaruwa da zama ko tari, mutum ya koma zama da ɗuwawu ɗaya. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba, sai dai wurin ya yi sheƙi, ya yi tauri, ya yi zafi a hannu. Wanda ya yi zurfi kuwa babu abin da za a gani a waje ko kaɗan, sai zafi can ciki, da zazzaɓi, wani lokaci fitsari ya ƙi fita. Irin wannan ne ake yi wa maganin maleriya da taifod har kwana goma.

Maganin mugunyar da ta taru shi ne a buɗe ta ta fita, a ranar ko washegari. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su Flagyl da sifro suna taimakawa bayan an buɗe, musamman ga mai zazzaɓi, mai ciwon sukari, ko mai shan maganin danne garkuwa, amma ba sa shiga cikin kogon mugunya su share shi. Abin da suke yi in an sha su kaɗai shi ne su rage zafin na kwana uku, mugunyar kuma tana can tana cin tsoka tana kewaya dubura. Maganar “a bari ya nuna” ta marurun hannu ce, ba ta wannan wuri ba.

Mai kolaitis yana da haɗari biyu da wasu ba su da shi. Na ɗaya, in yana shan firednisolon, wato ƙwayar siteroyid da ake ba shi don kwantar da kumburin hanji, maganin yana ɓoye zazzaɓi da kumburi, sai a ga mutum kamar da sauƙi alhali abin ya yi nisa. Na biyu, garkuwarsa a danne take, cutar na iya bazuwa ƙarƙashin fata zuwa maraina ko gaban mace cikin sa'o'i, fatar ta yi baƙi ta fara wari. Wannan ruɓewar tana kisa, kuma ta fi kama masu ciwon sukari. Wanda ya ga haka, ko daga Dukku yake ko Nafaɗa ko Kaltungo, a daren zai kama hanyar asibitin da ke da ɗakin tiyata.

Sakiya a gida ko wajen wanzami tana fitar da ɗan abin da ke sama, mutum ya ji sauƙi, amma ƙofar ƙarama ce, tana rufewa kafin kogon ya bushe. Ga kuma haɗarin aska ta sami zoben tsoka, da na ciwon hanta da ke bin ƙarfen da ba a dafa ba. A asibiti ana sa barci ko a kashe rabin jiki, a yanka kusa da bakin dubura gwargwadon iko don in ramin yoyo daga cikin dubura zuwa fatar waje ya biyo baya ya zama gajere, a buɗe sosai, a wanke, a ɗebi mugunya da ɗan nama a kai gwaji. Likitan fiɗa mai hankali ba ya tsokana da ƙarfe yana neman rami a cikin naman da ya kumbura, domin nan take zai huda sabuwar hanyar da da ba ta. Ana barin mikin a buɗe ya cike daga ciki zuwa waje, a riƙa zama a ruwan ɗumi, a sauya auduga kullum. In an yi wata biyu zuwa uku yana tsattsafowa, ko ya rufe ya sake kumbura a wuri ɗaya, rami ya samu. Kusan ɗaya cikin uku na masu maruru haka tasu ke ƙarewa.

Ramin yoyo da tambayar da yake tayarwa

Fistula, kamar yadda likitoci ke kiranta, hanya ce da ta haɗa cikin bututun dubura da fatar waje. Tana da baki biyu. Na waje shi ne ɗan ƙurjin da ke ɓata wando da mugunya, wani lokaci da iska ko ɗan bayan gida. Na ciki shi ne tushen matsalar, domin kullum ƙazanta na shiga ta nan. Duk maganin da aka shafa a bakin waje, ko aka ƙona shi ya rufe, ya bar na ciki a buɗe, maruru kawai ya haɗa. Cuta ce tsohuwa: asibitin St Mark's ɗin nan an kafa shi ne a 1835 musamman dominta, kuma likitansa Alan Parks ne ya kasa ta kashi huɗu a 1976 bisa yadda ramin ya bi ta zoben tsoka. Abin da rabon ke nufi ga marar lafiya abu ɗaya ne: tsoka nawa ce ke ƙarƙashin ramin, wadda za a yanke in aka ce a buɗe shi?

Mai kolaitis zai iya samun rami irin na kowa, daga jakar da ta toshe, ba ruwan cutarsa. Amma in ramin ya yi rassa, ko bakinsa na waje ya fi ɗaya, ko ya ɓulla ta gaban mace, ko ya dawo bayan aiki, wajibi ne a sake duba sunan da aka sa wa cutar tun farko. Wani kaso na waɗanda aka ce suna da kolaitis daga baya Crohn ce ke bayyana, kuma sau da yawa dubura ce ke tona asirin. A sake leƙa hanji da na'ura, kolonoskofi, har a shiga ƙarshen ƙaramin hanji, a tsinko nama daga wurare daban-daban, har da inda ake ganin lafiya lau.

A yankinmu tambayar ta fi haka faɗi. Tarin fuka yana kama hanji da dubura, yana yin rami mai kama da na Crohn ƙwarai, kuma mutum ba lallai ya yi tari ba. Atunin amiba yana kwaikwayon kolaitis har a idon na'ura, kuma in aka ba mai shi firednisolon hanjin na iya hujewa. Masu aikin fadama da kamun kifi, irin na kewayen madatsar Dadin Kowa, suna iya ɗaukar tsargiyar hanji, ita ma jini da majina take kawowa. Ga ƙanjamau, ga dajin ƙarshen hanji wanda a Najeriya ake yawan ganinsa a mutanen da ba su tsufa ba. Don haka gwajin bayan gida, hoton ƙirji, gwajin ƙanjamau da na sukari, da kai naman ramin ɗakin gwaji a nemi tarin fuka, duk suna gaba da fara maganin danne garkuwa. Wanda aka ce yana da kolaitis ba tare da an taɓa leƙa hanjinsa an ɗebi nama ba, zato aka yi masa. Irin wannan bincike aikin manyan asibitoci ne, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, inda likitan hanji da likitan fiɗa za su duba mutum tare.

Taswirar ramin ana samunta da hoton MRI na ƙugu in da hali, da kuma dubawa a ɗakin tiyata mutum yana barci. Daga nan aikin ya rabu. In ramin gajere ne, ƙasa-ƙasa, tsokar da ke ƙarƙashinsa kaɗan ce, kuma ƙarshen hanji ba ya kumbure, ana iya tsaga shi a buɗe ya warke daga ƙasa, kuma yawanci shi ke nan. In ya ratsa tsoka mai yawa, ko hanjin yana cikin tashi, ko mace ce ramin yana ta gaba inda tsokar ba ta da kauri, sai a zura zare ko siririyar roba ta bakin waje ta fito ta na ciki, a ɗaure sako-sako kamar zobe. Sunansa siton. Ba ya warkar da ramin, aikinsa ya hana bakin rufewa don mugunya ta riƙa fita, kumburi ya sauka, tsoka ta tsira. Ana zama da shi watanni, ana sallah, ana hawa babur, ana aikin gona. Marasa lafiya da yawa suna ganin an yi musu rabin aiki ne, su tafi neman wanda zai “gama” musu a rana ɗaya. Wannan gaggawar ce ke mayar da mai ɗigon mugunya mai sakin bayan gida. Akwai wani salon da ake ƙara tsuke zaren lokaci-lokaci har ya yanke tsokar a hankali, kuma bai dace da mai zawo ba. Bayan wuri ya lafa, ana iya rufe bakin ciki da fatar hanji da aka jawo daga sama, ko a ɗaure ramin a yanke shi tsakanin zobban biyu, salon da wani likitan ƙasar Tailan ya fito da shi a 2007. Duka biyun ba sa kamawa a kan naman da ke kumbure. In abin ya gagara, ana fitar da bakin hanji ta fatar ciki na ɗan lokaci, bayan gida ya riƙa zuba a jaka, wurin ya huta.

Maganin hanjin shi ne rabin maganin duburar

Duk abin da aka yi a ƙasa ba ya ɗorewa in sama tana zubo da zawo. Ga kumburin da ya tsaya a ƙarshen hanji, maganin kumburin hanji mai suna mesalazin, na cusawa ta dubura, giram 1 kowane dare, ya fi na sha aiki, domin yana sauka daidai wurin. Ga wanda ya yi sama, ana shan giram 2.4 ko fiye a rana, kuma haɗa na sha da na cusawa ya fi kowanne shi kaɗai. Mai tsaga yakan gudu daga na cusawa saboda zafi: ya shafa man lidokain mai kashe zafi minti goma kafin nan, ya kwanta ta gefen hagu, ya sa bayan ya gama bayan gidan dare. Zafin Gombe yana narkar da shi a cikin kwali, don haka a ajiye shi wuri mai sanyi, ko a gindin randa. Da yake sau ɗaya ne da dare, azumi ba ya hana shi. Inda mesalazin ya yi tsada ko ya yanke, salfasalazin giram 2 zuwa 4 a rana yana aiki, tare da folik asid, sai dai yana rage ƙwayoyin maniyyi muddin ana shansa, su dawo in an daina, kuma yana iya fasa jinin masu ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda suke da yawa a cikinmu.

Firednisolon na kashe gobara ne: miligiram 40 a rana, a riƙa rage 5 kowane mako har ya ƙare cikin kamar wata biyu. Ba ya warkar da rami, yana ma hana miki haɗewa, yana tayar da sukari. Masu sayensa a kemis duk lokacin da jini ya dawo su ne suka fi zuwa da maruru mai zurfi. Wanda ya kasa rabuwa da shi yana buƙatar azatayofirin, maganin danne garkuwa, miligiram 2 zuwa 2.5 kan kowane kilo na nauyinsa, da gwajin jini a kai a kai domin yana iya karya fararen ƙwayoyin jini. Maganin da aka tabbatar yana rufe rami, musamman in Crohn ce, shi ne infiliksimab: ƙarin ruwa ne, miligiram 5 kan kowane kilo, a ranar farko, da mako na 2, da na 6, sannan duk mako 8. Yana da tsada ƙwarai kuma samunsa sai an yi oda. Ba a fara shi sai an fitar da duk mugunya, an kuma bincika tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, domin yana farkar da su daga barci. Flagyl ma ba na shan wata da watanni ba ne, yana sa tafin ƙafa ya mutu ko ya riƙa tsira kamar allura, kuma da an ji haka a daina a koma wa likita.

Don zafi, farasitamol. Diklofenak, ibufurofen da Feldene, waɗanda ake haɗa wa mutum a leda a matsayin maganin gajiya, suna iya tayar da kolaitis. Tiramadol da kodin suna ƙulle hanji. Haka maganin tsayar da zawo, lofaramaid, haɗari ne lokacin tashi mai tsanani domin hanji na iya kumbura ya fashe. Ma'aunin tsananin da Truelove da Witts suka kafa a 1955 har yau shi ake bi: bayan gida mai jini sau 6 ko fiye a rana, tare da zazzaɓi, ko bugun zuciya sama da 90, ko ƙarancin jini. Wannan gadon asibiti yake buƙata. Yaji da borkono ba su ke kawo cutar ba, amma suna fita da zafinsu su ƙona miki, don haka mai tsaga ya haƙura da yajin tsire har ya warke. Akwai kuma masu kumburin ƙarshen hanji da bayan gidansu ke taurara a sama duk da suna fitar da majina sau da yawa; su ruwa da yawa da miyar kuɓewa ko kuka da abin laushin bayan gida suke buƙata.

Wanda magani ya gaza masa ana cire babban hanjin gaba ɗaya. Tun 1978, da aikin Parks da Nicholls, ana iya naɗe ƙarshen ƙaramin hanji a yi jaka a ɗinka ta a dubura, mutum ya ci gaba da tsuguno kamar kowa, sau biyar zuwa bakwai a rana, bayan gidan kuma mai laushi ne har abada. Wannan aiki ya dogara kacokan ga zobban nan biyu. Wanda aka yanke masa su yana saurayi wajen aikin basir ko rami, an rufe masa wannan ƙofa, sai jakar da ake mannawa a fatar ciki ta dindindin. Bayan aikin ma rami na iya fitowa: wanda ya zo cikin watannin farko yawanci ɗinki ne ya yi yoyo, wanda ya zo bayan shekara ko fiye kuwa yana sa a yi zargin Crohn.

Mata suna da nasu ƙarin nauyi. Mace da ta ga iska ko bayan gida yana fita ta gabanta takan ɓoye shekaru. In bayan doguwar naƙuda ne, akwai Cibiyar Yoyon Fitsari ta Ƙasa a Ningi, amma in tana da tarihin zawo da jini ta faɗa tun farko, domin ɗinki a kan hanji mai kumburi warwarewa yake yi. Mai ciki kada ta daina mesalazin ko azatayofirin da kanta, tashin cutar ya fi maganin haɗari ga ɗan. In tana da rami ko maruru mai aiki lokacin haihuwa, fiɗa ta fi mata, don kada wurin ya yage. Wadda hanjinta ya lafa kuma duburarta lafiya, haihuwa da kanta ba laifi.

Maganar tsarki tana hana mutane da yawa zuwa masallaci, har da zuwa asibiti. A mazhabar Malikiyya jini da mugunyar miki ba sa karya alwala, kuma wanda abu ke fita masa ba da ikonsa ba mafi yawan lokaci yana da sassauci irin na mai salasi; malamin unguwa zai fayyace wa kowa gwargwadon halinsa. Ɗan ƙyalle mai tsabta ko auduga a cikin wando, a sauya kafin kowace sallah, yana kare tufafi kuma yana kare fata. A asibiti kuma mace tana da damar neman ma'aikaciya ta tsaya mata lokacin dubawa, namiji ma haka. Dubawar ba ta wuce minti biyu: ido, yatsa mai safar hannu, wani lokaci ɗan gajeren bututu. Wanda ya kai shekara 8 da fara alamun kolaitis, in ta wuce ƙarshen hanji, lokacin leƙen hanji na neman daji ya yi ko da yana jin garau. Ramin da ya shekara da shekaru in ya sauya hali, ya yi tauri ko ya fara fitar da yauƙi mai yawa, da kuma dubura ko hanjin da ya fara tsukewa bayan gida yana fita siriri, dukansu sai an tsinko nama an kai gwaji.